Ledar duhu a fitilar baya: ana ganin birkinka ko ba a gani?

Mai Corolla: Salamu alaikum jama'a. Jiya Asabar na zauna da kaina na manna wa fitilun bayan motata ledar nan mai launin hayaƙi. A Ƙofar Ruwa na sayo, yadi ɗaya ya ishe ni har da saura. Na wanke fitilar tas, na goge da sifirit don maiƙo ya fita, na fesa ruwan sabulu kaɗan, na ɓare takardar bayan ledar na shimfiɗa. Da tsohon katin ATM na dinga koro ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Wurin lanƙwasa ne na sha wuya, sai da na ari abin busar da gashi na madam, ina hura zafi ina ja a hankali har ta kwanta, sannan na datse saura da sabuwar reza. Ta hagu ta yi ƙuraje uku, ta dama kuwa kamar daga kamfani. Maganata ita ce: leda marar duhu sosai ba ta rage wutar birki har a ce akwai haɗari, balle na sa ƙwan LED. Mai ja ya fito.

Rewaya: Wa alaikumus salam. Na fito. Aikin hannu ya yi kyau, ban hana ka wannan ba. Amma da wane lokaci ka duba hasken?

Mai Corolla: Bayan isha'i, Oga. Ƙanena ya taka birki, ni ina tsaye a baya. Ja zur.

Rewaya: To ai nan ka cuci kanka. Da dare ko kyandir ka kunna za a gani. Je ka duba da ƙarfe ɗaya na rana, rana na dukan bayan motar, ƙura ta hau ledar. Ƙwan da kamfani ya sa maka siliki biyu ne a cikinsa, wato siririyar wayar da ke yin haske, na wutar baya wat 5, na birki wat 21. An yi wannan tazarar ne don na bayanka ya bambance mai tafiya da mai tsayawa ko da tsakar rana. Kai kuma ka zo ka yafa musu mayafi.

Baba Direba: Yaro, shekarata ashirin da wani abu ina jan tirela tsakanin Kano da Legas. Idan na ɗauko kaya, birkina ba na Corolla ba ne, sai na fara lissafin tsayawa tun daga nesa. Lokacin hazo, daga Kwanar Ɗangora zuwa Zariya, wani sa'in jar wutar nan kaɗai nake bi, ko jikin motar ba na gani. Ranar nan wani ya sha gabana da fitila baƙa ƙirin, ya tsaya wa rami, Allah ne kawai ya gyara. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Mai Corolla: Allah ya ƙara tsarewa, Baba. Amma wancan baƙa ƙirin ka ce. Tawa mai haske ce, in ka tsaya kusa har jan gilashin kana gani. Kada a haɗa ni da masu fesa baƙin fenti.

Mai Golf: Ni ina bayan ɗan'uwana. Shekara biyu da leda a tawa, ko ɗan adaidaita bai taɓa goga ta ba. Kuma a yi adalci mana: LED yana kamawa nan take, tsohon ƙwai kuwa sai silikin ya yi zafi. Bambancin ya kai kusan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Abin da leda ta ci, LED ya biya. Sannan motoci nawa ne ke yawo a garin nan da fitila fasasshiya an liƙe da jar leda ta biredi, ko babu ƙwan ma sam? Su ba a ganinsu sai mu masu son ado?

Anti Mai Sienna: Laifin wani ba ya wanke naka, ƙanena. Ni da nake kai yara makaranta kullum, a gosulo motar gabana nake kallo, ba tarihin mai ita ba.

Malamin Kimiyya: Ku bar ni in sa alli a maganar. Mai Golf ya faɗi gaskiya kan saurin LED: a gudun kilomita 100 a awa mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka ɗaya bisa biyar ɗin nan ya haura mita 5. Riba ce. Amma saurin kamawa daban, ƙarfin haske daban. Idan dusashewar fitilarka ta sa na baya ya yi jinkirin rabin daƙiƙa kafin ya gane birki ne, mita 14 ta tafi, tsawon Corolla uku ke nan a jere.

Akwai kuma abin da duk kuka tsallake. A jikin fitilar baya akwai wani ɗan yanki da ba shi da ƙwai, aikinsa mayar da hasken motar da ta hasko shi. Shi ne ke nuna ka ranar da mota ta mutu maka a gefen titi, batir ya sauka, babu wuta ko ɗaya. Hasken birki sau ɗaya yake ratsa leda. Na wannan yankin sau biyu, shiga da fita. A ce ledarka tana barin kashi 70 cikin 100 ya wuce: 70 na 70 ya zama 49, rabi ya tafi. In mai barin rabi ce, kwata ya rage. Kuma a nan babu LED ɗin da zai cece ka, don ba ƙwanka ke aiki ba.

Mai Corolla: Malam, wannan kam ban yi tunaninsa ba. Gaba ɗaya na rufe, har da farar ta ribas.

Rewaya: Har da ribas! To bari in ƙara maka kan LED ɗin da kake tinƙaho da shi. Kwanon da ke cikin fitilar an ƙera shi ne don ya tattara hasken siliki daga wuri guda ya turo shi baya. Ƙwan LED mai araha hasken nasa ta wani gefe yake fita, a hannu ya kashe ido, a cikin fitila ya zama tabo ɗaya. Da yawansu kuma tsakanin wutar baya da birki bambancin kaɗan ne. Fari ka saya ko ja?

Mai Corolla: Fari. Shi ya fi haske a shago.

Rewaya: A shago. Jan gilashi ja kawai yake bari ya wuce, sauran hasken farin ya mutu a ciki. Bayan jan gilashi jan LED ake sawa. Kuma don Allah kada wani ya ce zai ƙara wat na tsohon ƙwai don ya rama, na sha canza soket da ya narke saboda haka.

Na Amurka: Ina biye da ku daga nan. Motocin da kuke saya tokumbo, fitilunsu sai da aka gwada su a kan ma'auni kafin su bar kamfani. A Kalifoniya doka ta ce a hango wutar baya daga ƙafa 1,000, wajen mita 300. Fitilar birki ta uku ta saman gilashin baya ma tun 1986 aka wajabta ta a ƙananan motoci a nan Amurka, saboda yawan bugu ta baya. Mutane sun ƙara fitila, ku kuna ragewa.

Mai Golf: To ai sababbin motoci da yawa da fitila mai duhu suke fitowa daga kamfani. Su halal, mu haram?

Na Amurka: Su sun lissafa duhun gilashin, sun sa hasken da zai ratsa shi, sun gwada. Kai da me ka gwada, da idon ƙanen Mai Corolla?

Mai Golf: Ni dai ina da takardar tinti ta 'yan sanda.

Anti Mai Sienna: Waccan ta gilashin mota ce, ba ta fitila ba. Fitila 'yan Road Safety da VIO ke dubawa, takardarka ba za ta yi maka magana a wurinsu ba. Ni tambayata ma daban ce: in mutum ya gaji da ita, tana fita?

Rewaya: Tana fita, Hajiya, nan ne kawai ta fi fenti. A hura mata zafi a ja a hankali. Amma in ta shekara biyu a ranar Kano, gam ɗin yakan zauna, ledar ta dinga karyewa guntu-guntu. Ruwan ɗumi da sabulu da haƙuri. Kada a kusanto da tina, ruwan nan na tsinka fenti, gilashin roba ne, zai yi fari ya tsattsage. Mai Golf, kai nake nufi.

Mai Corolla: Na fita yanzu da tocilan, na kashe komai na haska daga bakin get. Motar maƙwabcina tana mayar da ja, tawa da ƙyar. Na ɗauko reza na yanke ledar daga wannan yankin da kan ribas. Na Malam na karɓa. Amma na birki ban sauka ba tukuna, sai na gani da idona. Gobe bayan azahar zan cire ta hagu, tunda dama ita ce mai ƙuraje, in bar ta dama, a taka birki in tsaya nesa in ɗauko hoto.

Malamin Kimiyya: Kada ka dogara da hoton waya, kyamara tana gyara haske da kanta. Ka auna taku 50, ka sa wanda bai san wacce aka cire ba ya faɗi wacce ta fara shiga idonsa. Kuma kada ka wanke motar.

Mai Golf: Zan zo in zama shaida. Amma in bambancin bai taka kara ya karya ba, Oga Rewaya zai sayi tsire.

Rewaya: Na yarda. Ku biyo ta gareji da jan ƙwai guda biyu, in sa muku kyauta kafin a fara.

Baba Direba: Gobe ina lodi a Dawanau, da na zo da tirelar na tsaya a bayansa an yi gwajin da hujja.