Na sa wa Hilux manyan tayoyi ta daina ja, wane kiran wil zan saka?

Baban Iman, Jalingo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana mota ku bani shawara kafin in sake zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Inada Hilux 2012 mai gas, injin 2.5 wato 2KD, giyar hannu, mai oksilari wato mai ja da taya huɗu. Harkata sayen masara da wake a ƙauyukan Bali da Serti, wani lokacin har in hau Gembu, kuma duk wanda ya san hanyoyin gona da damina ya san yadda tarakta ke haƙe su, gefe biyu rami tsakiya tudu. Da tayar da motar tazo da ita 205R16 kullum sai aksul ɗin baya ya hau kan tudun nan ya zauna, taya na juyawa a banza, sai an sauke buhuna an kira matasa sun tura. Na gaji, sai na ɗaga motar inci biyu na sayi rim masu faɗi na saka 285/75R16 masu manyan haƙora.

Maganar kafewa kam Alhamdulillah ta ragu sosai. Amma motar ta mutu wallahi. In da lodi giya biyar bata da wani amfani, ɗan hawa kaɗan sai na dawo huɗu ko uku, satin da ya wuce a hawan Mayo Selbe inda na saba wucewa da giya biyu sai da na dawo ɗaya, kuma da na tsaya a sama warin kuloci ya cika cikin motar har yaron motata ya sauka yana leƙa ƙasa ko wani abu ne ya kama da wuta. Mai ma naga kamar ta ƙara sha. Makanikina yace nozul ne a kai a gyara, wani kuma yace a canza kiran wil da finiyon, wato giyoyi biyu masu haƙora da ke cikin aksul, a saka masu lamba 4.88. Ni ban ma san wanne ne a ciki yanzu ba. Me kuke gani?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Alhaji cire tayoyin nan ka sayar tun suna da daraja ka huta. Kamfani ba wawa bane da ya saka mata 205.

Mai Gareji, Kaduna:
Alhaji kar ka bari a taɓa maka nozul. Tambaya ɗaya, kafin ranar da aka saka tayar motar tana ja? In tana ja to injinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shine taya ta ƙara tsayi, duk juyi ɗaya yanzu tana cin ƙasa fiye da da, to ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu daidai gwargwado, kamar kana tashi da giyar da ta fi wadda ka saka ne. Shi yasa kake riƙe kuloci rabi in zaka tashi da lodi, shi ne warin da kaji.

Amma kar kowa ya faɗa maka lamba tukuna sai mun san abin da ke ciki, dan Hilux ba duka iri ɗaya bane. Ka samu fili a shimfiɗe, a sa dutse gaba da bayan tayoyin gaba, giya a firi, a sauke hambirki, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. Sa alli ka yi alama a jikin farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi zuwa aksul ɗin baya, da jikin taya. Yaro ya juya taya sau 20 kai kana ƙirga juyin farfela, abin da ka samu ka raba da 10. In tayar taƙi juyawa ko tayi tauri sosai to aksul ɗinka mai LSD ne, irin wanda baya barin taya ɗaya ta juya ita kaɗai, sai a ɗaga duka biyun su juya tare sau 10.

Baban Iman:
Oga na gode. Yanzun nan muka yi a ƙofar gida, tayar ta juya ba gardama, sau 20, farfela ta yi 39 da ɗan ɗoriya kaɗan. Mun maimaita sau biyu haka ya bamu.

Malamin Lissafi:
To 3.91 kenan, wato farfela na juyi 3.91 a duk juyi ɗaya na tayoyi, kiran wil mai haƙori 43 finiyon mai 11. Bari in yi maka lissafin a fili yadda ko gobe ka canza wata tayar zaka iya da kanka a waya.

Tsayin 205R16 wajen milimita 734 ne, ita kuma 285/75R16 wajen 834, wato inci 29 da inci 33 in an cike. Banbancin milimita 100, rabinsa ne ya ɗaga maka aksul daga ƙasa, santimita 5 kenan, shi ne ribar da ka ci a hanyar gona. Kuma ka lura ɗagawar inci biyun da kayi bata ɗaga aksul ɗin baya ko kaɗan, jiki kawai take ɗagawa, taya ce kaɗai ke ɗaga aksul. Abin da ka biya kuma shine kusan kashi 12 cikin 100 na ƙarfin ja a kowace giya, har da oksilari.

Ka ɗauki 3.91 ka ninka da 834 ka raba da 734, zai baka 4.44. Wannan ce lambar da zata maida motar yadda take ranar da ta fito. Matsalar ba a yin 4.44, abin da ake samu na wannan aksul ɗin 4.10 ne da 4.30 da 4.56 da 4.88 sai 5.29, kaga kana tsakanin 4.30 da 4.56.

A giya biyar, gudun 100 na gaskiya, da tsohuwar taya injinka yana juyi wajen 2,370 a minti. Yanzu ya faɗo wajen 2,080, to in ka sauko gudun 70 ko 80 da lodi allura na yawo tsakanin 1,450 da 1,650 inda tobo bai gama tashi ba, nan ne kake jin ta mutu. Da 4.30 zata koma wajen 2,290, da 4.56 wajen 2,430, da 4.88 kuma wajen 2,600.

Sannan maganar mai, mitarka ƙarya take maka yanzu. In ta nuna 100 kana wajen 113 ne, in ta ce kayi kilomita 100 ka wuce haka, dan haka shan man bai kai yadda kake lissafi ba duk da tabbas ya ƙaru. Ka kula da wannan a kwalta dan birkin ma aiki ya ƙaru masa.

Abu Safwan:
Malam duk naji, amma kuɗin kiran wil biyu da boris da kuɗin aiki fa? Akan santimita 5?

Baban Iman:
Ɗan uwa santimita 5 ɗin nan ita ce tsakanin in kwana a gida da in kwana a daji da buhu ashirin ruwa na dukansu. Bara sau uku ina kwana a hanya. Tayar kam ba zan cire ba. Amma tsaya, biyu kace? Ni na ɗauka na baya kawai za a canza tunda shi ke aiki kullum.

Direban Kwangila:
A'a Alhaji dan girman Allah kar ka yi wannan, ni ya faru da ni ba labari aka bani ba. Aksul ɗin bayan motata ya lalace a wajen aiki, aka kawo min ɗan Beljiyom aka ɗaura ba wanda ya ƙirga haƙori, wata biyu ina yawo lafiya lau dan ban taɓa oksilari ba. Ranar da muka zo wani rafi na saka, a cikin taɓo ban ji komai ba dan taya na sulɓi, muna fita kan ƙasa mai tauri motar ta fara turjewa tana tsalle kamar an ja mata birki, sitiyari yayi nauyi, liban oksilarin ma yaƙi fita, kafin in ankara sai naji ƙas daga ƙasa. Sarƙar cikin taransifa, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, ta tafi, da kyar aka jawo mu. Da aka buɗe ashe na baya daban na gaba daban. In ka sa 4.56 a baya ka bar 3.91 a gaba, tayoyin gaba zasu nemi su fi na baya gudu da kusan kashi 16 cikin 100 alhali a ɗaure suke tare, dole wani ƙarfe ya bada kai. Ko ka canza biyun ko ka bar biyun.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan aikinmu rairayi ne, hanyar Dirku, kuma kat-kat, wato motoci masu oksilari, da ke yin hanyar da lodi ba ka cika ganinsu da faffaɗar taya ba, doguwa siririya muke so, 7.50R16, in an zo rairayi mai laushi a rage iska tafinta ya ƙara tsawo ta wuce. El Hadji da tun farko ka tambaya da sai in ce ka sa 235/85R16, tsayinta wajen milimita 806, tana ɗaga ka santimita uku da rabi, bata da nauyin waccan, bata shan gazuwal wato gas kamarta, kuma a laka siririya tana yankawa ta taɓa ƙasa mai ƙarfi. Da ita ko baka taɓa aksul ba zaka iya lallaɓawa, in zaka taɓa 4.30 ya zauna mata daidai. Amma tunda ka riga ka saya sai a gyara a haka. Ni dai ina tsoron ƙafar gaba, taya mai nauyi tana cin shaf da boris da tayarod, ka riƙa dubawa.

Malamin Lissafi:
Ni da nawa ne 4.30 zan saka, ya fi sauƙi kaɗan ta ɓangaren mai, kuma tafiyar kwalta daga Jalingo zuwa Bali injin ba zai riƙa ihu ba.

Mai Gareji, Kaduna:
Malam a takarda kana da gaskiya amma ni 4.56 zan ce, kuma ba na shakka. Lissafin nan tsayi kawai ya duba, bai duba nauyi ba. Ka ɗaga 285 mai haƙora da rim ɗinta da hannunka sannan ka ɗaga 205 zaka gane, ga faɗi ga iska da motar ke tarewa tunda an ɗaga ta, ga mutumin nan baya tafiya wayam, buhuna ne a baya kuma dutsen Mambila yake hawa. Duk mai irin wannan aikin in lamba ta faɗo tsakiya sama ake zaɓa. Juyi 60 da 4.56 ya ɗara na kamfani ko a kunne ba zaka ji ba. In ka sa 4.30 ka kashe kuɗi ɗaya da mai 4.56 amma har yanzu kana ƙasa da yadda motar take da, haushi zaka ji a hawa na farko.

4.88 kuma da aka faɗa maka na mai taya inci 35 ne, ko mai ƙaramin injin fetur da sai ya yi ihu yake ba da ƙarfi. Injin gas baya son haka, zaka wuni kana neman giya shida da babu ita. Sannan duk sanda lamba ta hau finiyon ƙanƙancewa yake, 4.56 haƙori 9 ne da 41, 4.88 haƙori 8 da 39, 5.29 kuwa 7 da 37, ga lodi ga taɓo gara mai ɗan kauri.

Abu mafi muhimmanci shine wa zai ɗaura. Ba aikin kowane makaniki bane, mai aksul zaka nema. Na gaba da na baya ba yanka ɗaya bane, ba a musanya su, kuma kiran wil da finiyon tare suke zuwa kar a haɗa maka na wannan da na wancan. In zaka iya samun cikakken kan aksul na baya da cikakken na gaba 'yan Beljiyom masu 4.56 a Panteka ko Ƙofar Ruwa ya fi min, dan saitin kamfani ne a jikinsu, amma ka tsaya da kanka a ƙirga haƙora a gabanka, 41 da 9, gaba da baya, ka duba haƙoran ba tsaga ba rami. In kuma sabbi za a ɗaura to a sa sabon boris da oyal sil da sabon kwalan da ke matse finiyon, a auna wasan da ke tsakanin haƙora da agogo, a shafa fenti a haƙoran a juya a ga inda suke haɗuwa, a tsakiya ake so ba a baki ba. Duk wanda kaga ya ɗauko guduma da cizil yace shi da ido yake saiti, ɗauki kayanka ka tafi, wata ɗaya zaka fara jin kuka a baya.

Bayan an ɗaura sabbi kar ka yi lodi sai ka yi wajen kilomita 800, tafiyar farko minti ashirin ka tsaya ya huce, sannan a zubar da man a zuba sabon man giya mai lamba GL-5. Da kuma duk ranar da ka ratsa ruwa ya kai aksul ka kwance ka duba man, in ya koma kamar madara ruwa ya shiga.

Direban Kwangila:
Ka ƙara da kuloci Alhaji, tunda har yayi wari a duba shi. Kuma taya ta biyar ma ta zama 285, kar ka bar tsohuwar a ƙasa kana ganin kana da safaya.

Baban Iman:
Wallahi safayar 205 ce har yanzu, ko kaɗan hankalina bai kai nan ba. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Allah ya ƙara ilimi. Na fasa maganar nozul, 4.56 zan nema gaba da baya, kafin nan zan rage lodi kuma na daina riƙe kuloci a hawa. Oga Mai Gareji in Allah ya kaimu Litinin zan turo ƙanina Kaduna, zan sa ya ɗauko hoton haƙoran da bidiyon ƙirgar kafin ya biya, dan Allah ka duba min. Tambaya ta ƙarshe, in an canza mitar gudun zata dawo daidai da kanta ko ita ma sai an taɓa ta?

Mai Gareji, Kaduna:
Ya danganta da inda take ɗaukar gudu. In sansan yana jikin taransifa zata dawo kusa da daidai, sai dai ta ɗan ɗara da biyu ko uku. In kuma daga sansan birkin ABS na ƙafa take ɗauka ba abin da zai canza. Leƙa bayan taransifa ka gani ko akwai soket da waya, ka turo min hoton tare da na aksul ɗin.