Firinta tana bugawa a akawun ɗin oga, amma ta ƙi a na ma'aikata

Mai Shagon Kawo:
Assalamu alaikum. Kwamfuta ce guda, Windows 10, da firinta HP LaserJet P1102 ta kebul ɗin USB. Akawun uku na shiga kwamfutar ne a kanta: na oga mai cikakken iko, sai biyu na ma'aikata. Na oga yana bugawa lafiya lau. Na biyu sai takarda ta maƙale a layi. Na uku kuwa yana bugawa, amma gefen rubutun yana yankewa. Don Allah ina matsalar take?

Injiniyan Barnawa:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda akawun guda yana bugawa, kebul da tona (garin tawada) da direban firinta (manhajar da ke sarrafa ta) duk lafiya suke, kada ka kashe ko sisi a kansu. Direba na kwamfutar ce gaba ɗaya, amma zaɓaɓɓiyar firinta da girman takarda kowane akawun da nasa.

Fara da na biyu. Shiga Control Panel, buɗe Devices and Printers. Ina kyautata zaton za ka ga firinta biyu, ɗaya da Copy 1 a ƙarshen sunanta. Idan aka zare kebul aka soka a wani ramin USB, Windows kan ɗauka sabuwar firinta ce, ta buɗe mata USB002 alhali tsohuwar tana kan USB001. Akawun ɗin da ya riƙe tsohuwar sai ya yi ta tura aiki inda babu kowa. Wadda launinta ya dushe ita ce matacciyar. Shiga akawun ɗin oga ka cire ta, sannan a kowane akawun ka danna dama a kan mai rai ka zaɓi Set as default printer. Ka kuma kashe Let Windows manage my default printer a Printers & scanners, domin yana mayar da duk wadda aka yi amfani da ita a ƙarshe ta zama zaɓaɓɓiya, ko da Microsoft Print to PDF ce.

Hajiyar Unguwar Rimi:
Injiniya ya yi daidai, amma a share layin tukuna. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar bugawa, aikin kan lalace ya tare sauran. Ma'aikaci kuma nasa aikin kaɗai yake iya sokewa, ba shi da iko a kan na wani. Daga akawun ɗin oga: danna Windows da R, rubuta services.msc, tsayar da Print Spooler, mai kula da layin bugawa. Buɗe C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, goge abin da ke ciki kawai, kada ka goge jakar kanta. Sai ka tayar da Print Spooler.

Bayan nan duba Printer properties, shafin Security. Everyone ya kasance yana da izinin Print, CREATOR OWNER kuma Manage documents. Masu gyara da yawa sukan ce a mayar da kowa mai cikakken iko a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, a shagon da filashin kwastomomi ke shiga kwamfuta daga safe har dare.

Mai Shagon Kawo:
Hajiya, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Matsalar Copy 1 ɗin ce kuwa, na biyu ya warware. Saura na uku.

Injiniyan Barnawa:
Girman takarda ne. Takardar da muke saye a Kasuwar Sheikh Gumi A4 ce, milimita 210 da 297. Wancan akawun yana kan Letter ta Amurka, 216 da 279, ta fi faɗi kuma ta fi gajarta. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wurare biyu ne: Printing preferences na wanda ya shiga ne kaɗai, Printing Defaults da ke shafin Advanced kuma shi ne na kowa. Sa A4 a Printing Defaults, amma akawun ɗin da ya taɓa canza nasa ba zai bi ba, sai ka shiga cikinsa ka gyara da hannu. Ka duba Word ma, Layout sannan Size, domin girman da aka ajiye a fayil yana tafiya da shi. Idan ka gama, buga Print Test Page daga kowane akawun, kuma ka liƙa ɗan salatif a ramin USB ɗin da kebul yake yanzu don kada a sake sauya shi.