Na kama tramol a safar ɗan wasana, ga wasan ƙarshe ranar Asabar

Kocin Layi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin nan ya hana ni barci. Shekara tara ke nan ina horar da yaran unguwarmu a nan Kano, ba albashi ba komai, kuɗin ruwan leda da na alƙalin wasa ma karo-karo muke yi. Bana Allah ya kai mu wasan ƙarshe na kofin unguwanni, ranar Asabar za a buga.

Shekaranjiya bayan atisaye ina tattara kaya, sai katin tramol ya faɗo daga safar ɗan wasan tsakiyarmu, mai 225, saura ƙwaya uku a jiki. Yaron shekararsa 19, kuma duk ƙwallon da muka ci a gasar nan ta ƙafarsa ta biyo. Da na ja shi gefe bai yi mini gardama ba. Ya ce tun da aka taka shi a gwiwa wata huɗu da suka wuce, in bai sha ba ba ya iya cika minti 90. Har ya ce mini, "Koci, waɗanda za mu kara da su ma sha suke yi, kuma wa zai gwada fitsarin mutum a filin ƙasa?" Maraya ne, dako yake yi a kasuwa da safe, ga shi an ce wani mai neman 'yan wasa zai zo kallo ranar. In na ajiye shi a benci, ban toshe masa hanyar abinci ba? In kuma na sa shi, da wane ido zan kalli mahaifiyarsa?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Koci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma irin yaran nan ana kawo mana su. Tramol ba ya warkar da gwiwa, bakin ciwon kawai yake toshewa. Zafin da yake ji shi ne jikinsa ke cewa ya dakata. Wata huɗu yana gudu a kan jijiyar da ta samu matsala, ƙila abin da hutun sati shida zai gyara yanzu ya zama sai an yi aiki.

Sannan duba lissafin nan. A asibiti mai 50 ko mai 100 muke bayarwa, kuma ko likita ba ya wuce miligiram 400 a yini. Yaronka in ya haɗiye biyu masu 225 ya riga ya tsallake. A irin wannan adadin ne mutum ke yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko da bai taɓa yin ta ba. In ya haɗa da kodin kuma, numfashi ne ke raguwa. Kada ka ce masa ya yar da shi yau ɗin nan, domin wanda jikinsa ya saba zai sha ciwon gaɓoɓi da zufa da zawo da rashin barci, ya koma ya ninka. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. A duba gwiwar kuma, a yi hoto.

Ɗan Tsakiya:
Hajiya, maganarki ta lafiya ba wanda zai ja. Amma batun cewa ha'inci ne, ni ina da ja. Wa ya shata iyakar? Ɗan dambe ya ci goro uku kafin ya shiga fage, manyan 'yan ƙwallon Turai ana yi musu allurar kashe zafi su shiga fili, ba wanda ya ce uffan. Shi tramol ɗin ma sai Janairun 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya, ta haramta shi a lokacin gasa. Wato kafin nan halal ne, washegari ya zama zunubi? Ku tuna 1994, Maradona na Ajantina ya buga da mu a gasar cin kofin duniya a Amurka, Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama biyu. Bayan wasan aka samu ƙwayar ƙara kuzari ta ephedrine a fitsarin Maradona, aka kore shi daga gasar, amma 2-1 ɗin nan tana nan, ba a maido mana da maki ko ɗaya ba. Manya na ci da shi, sai ɗan dako za a ce ya riƙe amana? Koci, bar shi ya buga Asabar, Lahadi ka kai shi asibiti.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana Ɗan Tsakiya, misalinka ai kanka ya sara. Har yau, shekara talatin da wani abu, kana jin zafin wasan nan, to me ya sa? Don ka san an zalunce ka. Abin da kake so Koci ya yi wa yaran ɗaya unguwar ke nan, a kan zargin da ba wanda ya tabbatar. Kowane mai sha cewa yake kowa ma na sha.

Bari in ba ka wani. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, 'yan tseren mita 400 na mutum huɗu na Najeriya azurfa suka samu, Amurka ta ɗauki zinare. Daga baya ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da abubuwan ƙara kuzari. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinaren. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan Najeriyar da suka yi gudun, ya rasu a Disambar 2011. Bai taɓa riƙe abin da ya ci da ƙafarsa ba.

Mu ma ba wankakku ba ne. 'Yar tserenmu Blessing Okagbare ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 aka dakatar da ita, hukuncin ya kai shekara 11. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai Chika Amalaha ce, mai ɗaga ƙarfe, da aka ƙwace wa zinare a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014 tana da shekara 16. Duk lokacin da na tuna ta, manyan da ke kewaye da ita nake tambaya a raina, suna ina? A wurin yaron nan, Koci, kai ne babban. Sauran yaran kuma sun san yana sha, kada ka yi zaton ba su sani ba. Ido suka zuba su ga abin da za ka yi, musamman wanda ke zaune a benci yana atisaye da ruwan leda kawai.

Kocin Layi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar benci ta dake ni, don akwai wani yaro da bai taɓa fashin atisaye ba, sau biyu kacal na sa shi bana. Ɗan Tsakiya, ko a Turan ma in ya je gwaji sai an auna jininsa da gwiwarsa, to ina amfanin mai neman 'yan wasan ya gan shi?

Jiya da daddare na je gidansu. Ban faɗa wa mahaifiyar batun ƙwaya ba tukuna, gwiwar kawai na ce, kuma ban tabbata na kyauta ba. Shi kuwa ko gaisuwata bai amsa ba, ya aiko ƙaninsa da rigar ƙungiya a leda. Maman Khalifa, hoton gwiwa nawa ake yi a asibitin gwamnati, kuma wane sashe zan fara kai shi in ya yarda ya bi ni?