Karkandar dutse a karfur: gunki ne ko tarihi?

Ɗanlami: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, in dai meri, wato hukumar gari, za ta ƙawata wani karfur (mahaɗar tituna) a Garwa to a sassaƙa karkanda da farin dutsen garin Figil a kafa. Irin baƙar karkandar nan tamu arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a duniya, a 2006 aka bazama daji nemanta ba a ga ko ɗaya ba, 2011 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce ta ƙare ƙurmus. Yaranmu ko a hoto ba su santa ba.

Malam Buba: Wa alaikumus salam. Ɗanlami ka ji tsoron Allah, wannan ai gunki ne ko da wane suna ka kira shi. A Bukhari da Muslim akwai mai sana'ar zane da ya je wajen Ibn Abbas, ya ce masa in ya zama dole to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai.

Ɗanlami: Allah gafarta Malam, wa zai yi wa karkanda sujada a tsakiyar titi, ga 'yan moto ga ƙura? Kuma a suratu Saba'i aya ta 13 ba a yi wa Annabi Sulaiman tamasila, wato mutum-mutumi, ba?

Malam Buba: Waccan shari'arsu ce ba tamu ba. Mutanen Annabi Nuhu ma da "don tunawa" suka fara.

Hajiya Asabe: Ku dai kuna ta ja, ni tambayata kuɗin wa? A sa miliyoyin sefa a dutse alhali damina na zuwa kwata ta toshe ruwa har cikin ɗaki, haba Ɗanlami ƙanena

Usmanu Njamena: Hajiya ai kuɗin kwata daban na ƙawata gari daban, in ba a yi karkandar ba ma ba za ki ga kwatar ba 😂 Amma Malam ina da tambaya, abin da muka karanta a wajen Malikiyya shi ne haramun ɗin yana kan sura mai inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, to in aka yi ta a jikin faifan dutse, rabin jiki kawai ya ɗan ɓullo, kai da ƙahonnin nan biyu, a rubuta shekarar da ta ƙare a ƙasa fa?

Malam Buba: Wannan da sauƙi, malamai sun yi magana a kai. Ban ce ina so ba dai.

Ɗanlami: A'a wallahi rabin karkanda ba karkanda ba ce. Yaro ya tsaya kusa da ita ya ga ta kusa kai kafaɗar babansa, ya shafa wuyan ya ji kaurinsa, shi ne zai shiga ransa.

Kawu Sale: Ku da kuke kukan wadda ta mutu, a 2012 mahara a kan dawaki suka shigo gandun dajin Buba Njidda suka kashe giwaye ɗaruruwa saboda haure. Ga dorina nan da ranta a Binuwai muna wucewa ta kan gada ko kallonta ba ma yi. Kuɗin dutsen a ba masu gadin daji su sayi mai.

Usmanu Njamena: Kawu wannan kuma ba meri ke biya ba, ma'aikatar daji ce.

Hajiya Asabe: To ku nemo mana wanda ke biyan kwata tukuna.