Abokin aikina na tambayar giya a Riyad, me zan ce masa?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Kamfaninmu ya kawo wani injiniya ɗan Filifin nan Riyad, kirista ne, mutumin kirki wallahi, jiya muna cin kabsa ya matso kusa da ni yana raɗa wai ina ake samun giya, ni ban sha kuma ban so ya faɗa hannun 'yan sanda. Akwai hanyar da doka ta yarda?

Baban Ummi:
Ɗan uwa ka ce masa ya haƙura. Tun 1952 aka hana giya a Saudiyya, shagon da aka buɗe a 2024 a unguwar jakadu don jami'an diflomasiyya waɗanda ba musulmi ba aka yi shi. In aka kama shi ɗauri ne ko tara sannan a tasa ƙeyarsa gida.

Hajiya Mai Atamfa:
Dubai dai baƙo yana saye da fasfo in ya kai shekara 21, amma Sharja da ke maƙwabtaka ko ɗigo babu.

Direban Jidda:
Don Allah ka ja masa kunne kan wadda ake haɗawa a ɓoye ana ɗurawa a robar ruwa, a 2025 ma'aikata baƙi sun mutu a Kuwait saboda ita, wasu sun makance. Kai kuma kar ka raka shi nema.