ROLLBACK ya ƙi maido da bayanai, ko sabar ta ƙi tashi: me kuka gani?

Mai_Rumbu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, mu amfana. Nawa a MySQL ne, manhajar rumbun adana bayanai, a wani tsohon tsari da muka gada. Manhajarmu ta cire kuɗi daga wani asusu, ta ci karo da kuskure kafin ta zuba a ɗayan, ta kira ROLLBACK, umarnin soke aikin da ba a kammala ba, amma kuɗin bai dawo ba. Da muka buga SHOW WARNINGS sai ga gargaɗi mai lamba 1196. Ashe teburin na MyISAM ne, tsohon injin ajiyar MySQL, shi kuwa ba ruwansa da janye aiki, abin da ya rubuta ya rubutu. Tun fitowar MySQL 5.5 ake ƙirƙirar sabbin tebura da InnoDB, injin da ke iya janye aiki, amma tsofaffin suna nan yadda aka bar su.

Ummu_Kod: Wa alaikumus salam. Ko a InnoDB ɗin ma akwai tarko, Malam. Idan jiran wani aiki ya saki bayanan da ya kulle ya wuce daƙiƙa 50, bisa saitin asali, kuskure 1205 zai fito, kuma umarnin ƙarshe kaɗai ake janyewa. Kod ɗinmu ya ɗauka an soke komai, ya wuce ya yi COMMIT, umarnin tabbatar da aiki, rabin aiki ya zauna. Mafita: ko a kunna innodb_rollback_on_timeout, saitin da ke janye dukan aikin idan jiran ya ƙare, ko manhajar ta kira ROLLBACK da kanta. Ni na fi son na biyun, don kowa yana ganinsa a cikin kod.

Baban_Sabar: Ku ƙara da ALTER TABLE, umarnin sauya fasalin tebur. A MySQL yana rufe aikin da ke buɗe da COMMIT ba tare da sallama ba.

Injiniya_Dare: Nawa ya fi ciwo, a PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai. Faifai ya cika cikin dare saboda archive_command, umarnin da ke kwafe fayilolin rajistar sauye-sauye zuwa ma'ajiya, ya daina aiki, fayilolin suka taru a jakarsu ta pg_wal. Wani abokin aiki, da kyakkyawar niyya, ya goge su don a samu wuri. Sabar ta ƙi tashi, tana neman wurin da za ta fara farfaɗowa ta rasa. Irin wannan ne ya sa aka sauya sunan jakar daga pg_xlog zuwa pg_wal a fitowa ta 10 ta PostgreSQL, don mutane suna ɗaukar abin da ke ciki tarkacen rahoto. Wasu suka ce a gwada pg_resetwal, mai share rajistar ya fara sabuwa, na ƙi, domin yana iya tayar da sabar da bayanai masu karo da juna. Daga kwafin ajiya muka dawo.

Ummu_Kod: Allah Ya kyauta. Yallaɓai, fsync ɗinku, saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, a kunne yake lokacin?

Injiniya_Dare: A kunne, alhamdu lillahi. Mai neman sauri gara ya kashe synchronous_commit, saitin da ke sa COMMIT jiran rubutu ya sauka a faifai: idan wuta ta ɗauke zai rasa ayyukan ƙarshe kaɗan, amma rumbun ba zai lalace ba. Kashe fsync kan iya lalata shi gaba ɗaya.

Mai_Rumbu: Akwai wanda ya taɓa kai innodb_force_recovery, saitin tilasta wa MySQL tashi bayan lalacewa, zuwa 4 ko sama? Daga nan ne yake iya ɓata fayiloli har abada, shi ya sa nake son jin ta bakin wanda ya yi.