Musayar Waƙa: Me Ɗan Majalisarmu Ya Yi Wa Mata?

Mai Jar Hula:
Bismillahi da sunan Jalili,
Ku zo mu yaba wa gwanin wakili,
Dokar gwajin aure ta fito a fili,
Ya ɗaga hannunsa domin mata.

Keken ɗinki ya kai unguwa,
Injin markaɗe ga zawarawa,
Da jarin ƙosai ga tsofaffinmu da yawa,
Wa ya kai shi kula da mata?

Uwar Marayu:
Ƙanena ka yi saurin kirari,
Ka gauraya tsaki a cikin gari,
Aikin wakili doka da tsari,
Ba rabon keke ba ne ga mata.

Kujera 40 majalisar Kano,
Duka maza ne, je ka gano,
Hannu kowa ya ɗaga a taro,
Wane ƙudiri ya kai na mata?

Malam Na-Dala:
Karatun farko take ake faɗawa,
A na biyu muhawara ake tafkawa,
Kwamiti ya zauna ya ji ta bakin kowa,
A na uku a amince, gwamna ake kai wa,
Kwana 30 gare shi na dubawa,
In ya ƙi, biyu bisa uku ke zartarwa.
Muryar wakili a na biyu ake nemowa.

'Yar Fagge:
Mayun 2024 Gwamna Abba ya sa hannu,
Kafin aure gwaji, ku bi a sannu:
Ƙanjamau, ciwon hanta B da C,
Tunjere, da jinin sikila na kowannenku.

AS da AS in suka yi aure,
Kowane ciki haɗarinsa na nan a ɗaure,
Ɗaya cikin huɗu SS zai zo,
Ba wai na huɗu kaɗai zai ɗanɗana ba.

Inda ake ɓata ta: sai an kai lefe,
An sa rana, sannan a je gwaji a ƙarshe,
Kunya ta hana a fasa,
Sai a nemo takardar bogi a ɓoye.

Sabon kamun ƙanjamau kan ɓuya,
Har wata uku bai nuna a gwaji ba,
A yi da wuri, a sake dab da biki.
Wa zai biya wa talaka? Nan wakili zai tsaya.

Uwar Marayu: Allah ya yi miki albarka 'yata, kin ƙoshi da sani.

Ɗan Gwale:
Mai hula daina cika baki,
Dokar kare yara wa ya yi aiki?
Ganduje ne, 2023 ya sa hannu,
Ku kun tarar da ita a ɗaki.

Mai Jar Hula:
Tarayya ta yi tata tun 2003,
Shekara 8 naka yana kan kujera,
Sai da ya ɗaure kaya zai tafi,
Sannan ya tuna akwai yara!

Malam Na-Dala: Tsaya Mai Jar Hula. Ɗangon "jarin ƙosai" ya fi 'yan'uwansa gaɓa huɗu, kari ya karye. Ke ma 'Yar Fagge, baitinki na uku da na huɗu ba amsa-amo.

'Yar Fagge: Malam, da girmanka, ɗangonka na kwamiti ya fi na farko tsawo. Kuma ƙwar bakwai ka yi ko ƙwar biyu da ragowa?

Malam Na-Dala: Amsa-amona "wa" ne daga sama har ƙasa. Rera shi ki ji.

Ɗan Gwale: "Wa" ai kowa na iya ta, Malam. Yi mana da "ki".

Mai Jar Hula: Nawa da kiɗa ake rera shi, ba da ma'aunin Larabawa ba.

Uwar Marayu:
Kun bar mata kun kama awon baiti,
Ku dawo, ga tambaya ga ɗan kwamiti:
Daftarin dokar iyali na Sarki Sanusi,
Tun 2017, ina ya kwana?

Wadda aka saka da goyo a baya,
Kuɗin ciyarwa wa zai karɓo mata, Yaya?
Alƙali ya yanka, uba ya ɓuya,
Wane sashe wakili ya kawo a kama shi?

'Yar Fagge:
Inna ƙara da kasafin haihuwa,
Warewa daban take da fitarwa,
Ya nemo takardar abin da aka saki,
Ya je asibitin mazaɓa ya ƙirga ungozoma.

Mai Jar Hula: Hajiya, zan kai masa tambayoyin nan ofishin mazaɓa. Malam, gyararren baitina na nan tafe bayan isha'i.